Ranar da Na Fito a Uwa a Gaban Umma

Har gobe idan na ji ana jan kujerar roba a kan siminti sai gabana ya faɗi. Jiya maƙwabtanmu suna shirin walima, yara suna jera kujeru a ƙofar gida, ƙarar ta shigo mini ta taga ina tsaka da yanka albasa. Ajiye wuƙar na yi na nemi wuri na zauna. Sau biyu aka taɓa jera irin kujerun nan saboda gidanmu ina yarinya, kuma duka biyun ba su bar mu yadda suka same mu ba.

A Madina aka haife ni, a unguwar Ranuna, can wajen Ƙuba. Abba mutumin Kano ne, aikinsa haɗa magunguna a wani asibiti. Umma kuwa 'yar Maraɗi ce. Mu biyu suka haifa, ni da Yaya, kuma kamar sauran 'ya'yan da aka haifa a nan, da Hausa ake yi mana magana mu amsa da Larabci. A hawa na sama muke, don haka saman soro namu ne. Can Umma take shanya kaya, can take shukar na'ana'a a tsofaffin gwangwanayen madara, can kuma Yaya yake kiwon tattabarunsa, waɗanda kullum suke jawo masa zagi saboda kashin da suke yi wa shanya.

Da zafi Yaya ya rasu, lokacin da ɗanyen dabino ya cika kasuwa, iska tana ƙona fuska kamar an buɗe murhu. Baƙin Abba ne suka zo daga Kano za su wuce Umara, ana bukatar wanda zai kai su Bi'ir Ali su ɗaura harami. Abba ya dawo daga aiki a gajiye, sai ya miƙa wa Yaya makullin mota. Shekararsa goma sha bakwai. Ya kai su lafiya. A hanyar dawowa wata babbar motar alhazai ta bi ta kansa.

An yi masa salla a Masallacin Annabi, aka binne shi a Baƙi'a. Mai karatu, idan ba ka zauna a garin nan ba, da wuya ka gane abin da ya biyo baya. An jera kujeru a titi, an ɗaura fitilu, ana zagayawa da gahawa da dabino, amma abin da mata suke shigowa da shi ya fi kama da barka. "Kai, Hajiya, kin yi arziki! Ɗa a Baƙi'a? Mutane nawa ne suke roƙon Allah wannan ba su samu ba?" Da hawaye suka zubo wa Umma, wata dattijuwa da ake ji da ita a cikin Hausawan unguwa ta dafa ta, ta ce, "Haram alaiki, 'yata. Wanda ya samu maƙwabtaka irin wannan ai ba a yi masa kuka." Umma ta share ido da gefen mayafi ta ce alhamdulillahi. Ni ma na yarda da falalar, har yanzu ina roƙon Allah Ya ba ni irinta. Amma na ga abin da ta yi wa uwata. An karɓe mata ɗa, an kuma karɓe mata kukan.

Mata ba sa shiga Baƙi'a, kaburburan kuma babu suna babu alama. Sau ɗaya na ji Umma ta tambayi Abba ta wane gefe aka sa shi. Ya ce, "Ta gabas, wajen katanga." Daga ranar ban sake jin ta yi masa magana kai tsaye ba. Ni na zama wayar gidan. "Gaya wa Abbanki abinci na nan." "Gaya wa Ummanki ba zan dawo da wuri ba." Alhali suna ɗaki ɗaya, gwiwarsu ta kusa haɗuwa. Abba ya ƙara wa kansa aiki, ya sayar da tattabaru. Umma ta daina yi mini kitso, ta daina faɗa, kai har zagin da nake gudu ta daina. Sunan Yaya ya ɓace daga bakin kowa. Ina da shekara goma sha uku, kuma babu abin da nake so a duniya sai a dawo mini da uwata.

Mutum ɗaya ce ba ta iya shiru ba, ƙanwar Umma, wadda muke kira Inna ƙarama. Ma'aikaciyar jinya ce, ta yi karatu a Kanada, a yankin da suke Faransanci, ta dawo da baki mai kaifi da takalma marasa kyau. Idan ta shigo gidanmu takan tsaya a ƙofa ta ce, "Salamu alaikum mutanen kabari, akwai mai rai?" A can Kanada ta taɓa kallon wani wasan kwaikwayo na dandali, ta sayi littafinsa ta taho da shi. Labarin wani gida ne a ƙauyen ƙanƙara. Ɗansu ya faɗa cikin tafki da ƙanƙarar ta fashe da shi, bayan shekara uba da uwa da 'ya suka zauna cin abinci, suka yi ta yagar juna har abincin ya huce. Ita ta zauna ta juya shi zuwa Hausa, Hausar Maraɗi mai "shi" da "hw" wadda Abba yake yi wa dariya a da.

Ta ce wa Abba so take ta koya wa 'yan matan unguwa Hausa kafin su manta da ita gaba ɗaya. Ya ce to, bai ko ɗago kai ba.

Da sanyi ya shigo muka fara gwaji a saman soro bayan la'asar. Sanyin Madina mai shiga ƙashi ne, muna karkarwa cikin rigunan ulu, Inna ƙarama tana dafa mana shayi da na'ana'ar Umma da ta kusa bushewa. 'Yar maƙwabtanmu, Bahaushiyar Sudan, ita ce uba. Aka zana mata gashin baki da kwalli, ta sa farar jallabiyar wanta. Uban cikin littafin mashayin giya ne, sai Inna ta mayar da giyar shayi, muka samu uban da yake shan shayi har ya riƙa tangaɗi. Ƙanƙarar kuwa ta ƙi taɓa ta, duk da babu wadda ta taɓa ganinta a cikinmu sai a firji. Ni ta ba matsayin uwa. Na ce mata Hausata ba ta kai ba. Ta ce, "Ke kika fi kowa kallonta. Ki zauna yadda take zama, sauran ni zan sa miki a baki."

Ta kuwa sa. Kalma kalma ta riƙa ɗura mini, ina haɗiya kamar maganin da Abba yake kawowa. Sai da muka yi nisa na gane abin da take nufi da wasan, na ji tsoro, amma ban ce a'a ba. Inna ta yi imani cewa idan aka matse ƙurji sai ya warke, ni kuma na yi imani da Inna.

Ranar wata Alhamis aka hau da kujeru saman soro. Mata ne zalla, matan likitoci da na malaman jami'a, da masu aikatau daga Nijar da suka samu fita. Sun zo da sambusa da lemo, suna tsammanin abin dariya za su gani, don a wajensu wasan kwaikwayo ke nan. Da farko sun samu. Uba ya fito yana tangaɗi da butar shayi, wata ta yi dariya har ta ƙware. Umma tana kujerar gaba, Inna ce ta jawo ta da ƙyar, hannuwanta a kan cinya, ko gezau.

Sai aka zo wurina. A wasan, maƙwabciya ta shigo tana ce wa uwar ta yi haƙuri, yaron ya huta. Na miƙe, na ture kwano kamar yadda aka koya mini, na ce:

"Kada wanda ya sake ce mini ya huta. Ban haife shi don ya huta ba. So nake ya shigo yanzu da ƙazamin takalminsa ya ɓata mini ɗaki, in zage shi ya yi mini dariya. Ku riƙe ta'aziyyarku, ku ba ni ɗana."

Dattijuwar nan ta ranar ta'aziyya ta ce, "A'uzu billahi! Wa ya sa wa yarinya wannan a baki?" Ban kalle ta ba, Umma nake kallo, don ta ɗago kai, kuma rabon da ta dube ni ido cikin ido tun zafi.

Ta ce, "Sake faɗa."

Na dubi Inna. Inna ta gyaɗa kai. Na sake faɗa. Ban kai ƙarshe ba Umma ta zame daga kujera ta durƙushe a kan siminti, ta kira sunan Yaya da wata irin murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. Ta yi ta kira. Mata suka fara neman takalmansu. Wasu sun tafi suna istigfari, wasu suna kuka a ɓoye cikin mayafi, biyu ko uku daga masu aikatau suka zauna a ƙasa tare da ita. Ba mu ƙarasa wasan ba. Har yau ban san yadda mutanen ƙanƙarar nan suka ƙare ba.

Da magariba Umma ta ci abinci sosai. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai, tana ba ni labarin ranar da Yaya ya saci kuɗin cefane ya sayi tattabara ta farko, tana dariya tana hawaye. Ta ja mini gashi da zafi, ta ce kaina kamar sheƙar tsuntsu. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na kwanta ina cewa mun ci nasara.

Hausawan Madina ba su da yawa, bakinsu ne da yawa. Kafin a sauko Juma'a labari ya zaga harabar masallaci, kuma ya yi ƙiba a hanya. An ce a gidan mai magani an sa 'yan mata kayan maza, an yi shaye-shaye, an tsaya ana jayayya da hukuncin Allah. Abba baƙo ne a ƙasar mutane, zamansa da namu duk a kan iƙama suke, wato takardar izinin zama, magana ɗaya ta isa kunnen da bai kamata ba sai mu tsinci kanmu a jirgi. Ya shigo fuskarsa ta yi baƙi. Ya ce Inna ƙarama kada ta sake taka masa gida. Sannan ya juyo gare ni, kamar kullum, ya ce, "Gaya wa Ummanki..."

Umma ta katse shi. "Ba sai ta gaya mini ba, ga ni. Kai ka ba shi makulli."

Wannan ce magana ta farko da ta yi masa kai tsaye, ita ce kuma kusan ta ƙarshe. Abba ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya shige ɗaki ya rufe. Bayan aikin Hajji Umma ta ce a kai ta gida. Ya yi mata takardun fita, fitar da ba dawowa. An ce ni in zauna saboda makaranta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta yi gardama ba. Na jira ta ce ba za ta tafi ba sai da ni, ba ta ce ba. Inna ƙarama ma ba ta daɗe ba ta bar ƙasar. Ranar da ta zo yi mini sallama a bakin titi, don ba ta da izinin hawa sama, cewa ta yi, "Na ɗauka magani ne, 'yata. Ban auna ba."

Umma ta rayu shekaru a Maraɗi, nakan je mata hutu, muna hira kamar baƙi masu mutunta juna. Can ta rasu. Abba bai sake aure ba. Yanzu ya tsufa, yana wurina, ni nake ƙirga masa ƙwayoyin da ya yi rayuwarsa yana ƙirga wa mutane. Bara, wata rana da hantsi ina miƙa masa ruwa, sai ya ce, "Uwata, wai me kika faɗa ranar nan a saman soro? Ni a bakin mutane na ji."

Na ɗauka na manta. Ashe suna nan yadda Inna ta ɗura su. Na faɗa masa, tun daga hutun har zuwa takalmin. Ya dube ni, kofin a hannunsa.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan, Abba.

"A kan wannan na kori mutane daga gidana?" Ya ajiye kofin. "Ai ni ma abin da nake faɗa ke nan kullum a mota, tsakanin gida da asibiti, in na rufe gilashi."

An rushe gidanmu na Ranuna, an yi wani dogon gini a wurin. Ƙasar ma ta canza, yau wasan kwaikwayo tikiti ake saya a shiga, mata da maza, babu mai neman takalminsa ya gudu. 'Ya'yana ba sa jin Hausa sai gaisuwa, kuma idan suka yi kuka ba na hana su, ko a kan me ne. Amma duk wannan bai gyara mini komai ba. Mutum biyu sun yi shekara a gida ɗaya suna faɗar magana iri ɗaya, kowa a ɓoye, ni kuma ina tsakaninsu ina kai saƙon abinci. Umma ta shiga kabari tana tsammanin ita kaɗai ta yi kukan ɗanta, kuma ba ni da hanyar da zan gaya mata.