Ƙugiyar Maƙeri da Injin Surukina

Cikin duk abin da ya same ni a sana'ar kafinta, akwai ɗaya da na san ba zai fita raina ba har in bar duniya: labarin wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu da katakon kantar matata.

A Wurno nake aiki, kuma a waɗancan shekarun, da zarton hannu nake yin komai. Surukina tsohon kafinta ne a Achida, yana da injin yankan katako irin mai tebur, wanda faifan zarto ke leƙowa ta tsakiyarsa. Da idonsa ya yi rauni sai ya aiko in zo in ɗauka aro. Ina durƙushe kaina a ƙasa, ya ɗora hannu a kan jagorar injin, wato dogon ƙarfen da ake jingina katako da shi don yanka ya tafi a miƙe. Ya ce, "Wanga ƙarhe haƙorin zarto bai taɓa cin shi ba, ba a taɓa huda shi ba. Ran da kaɓ ɓata shi, a maido min abuna." Na ce to, Baba. Iyakar abin da bakina ya iya faɗa ke nan, don a wurinmu ba a tsawaita magana da suruki.

Ba a daɗe ba wani mutumin Goronyo, wanda sauron bakin dam ya hana iyalinsa sakat, ya ba ni aikin tagogi masu raga. Kowane katako sai an fitar masa da ɗan gurbi a bakinsa inda raga za ta kwanta, kuma hakan ba ya yiwuwa sai faifai ya manne da jagora har ya ɗan shige ta. Maganin sananne ne: a rufe fuskar jagorar da wani katako, zarto ya ci shi a bar ƙarfe. To da me zan riƙe katakon? Hudawa an hana ni. Na ɗaure da robar taya, ta tare hanyar aiki. Kwana biyu ina zagaya injin ina tsaki, har matata ta ce ko in mayar wa Baba kayansa tun da mutunci. Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai.

Ranar ta uku dabara ta zo. Idan na huda katakon ta samansa, zan iya zura ƙarfe mai lanƙwasa a ramin, dogon ɓangarensa ya haye jagora ya ratsa wani guntun katako a bayanta, in ɗaure da noti. Fuska ta zauna fes, babu abin da zai tare aiki. Katako mai miƙewa guda ɗaya ne a shagon, wanda na yi wata uku ina yi wa matata alkawarin kanta da shi. Na ɗauka ban yi shawara ba.

Na tafi wurin maƙerin kasuwa da saurina, ina jin kaina wani gwani. Ko zama ban yi ba na ce ƙugiya biyu nake so masu ƙarfi, da zaren noti a gindi. Ya buɗe baki zai yi tambaya, na ce ina da aiki, na wuce. Washegari na dawo ya miƙo mini ƙugiya biyu masu baki uku-uku, irin waɗanda ake ciro guga da su idan ya faɗa rijiya, kowace da notinta a gindi. Na fara faɗa, har masu jiran a gyara musu fartanya suka juyo. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Malam, ƙugiya kac ce, ƙugiya niy yi maka. Ni ma na yi mamaki, mi guga za ya yi da noti?" Wurin ya ɗauki dariya. Sai da na durƙusa na zana masa a ƙasa da tsinke, abin da ya kamata in yi tun jiya. Ya duba ya ce, "Ashe sandar makiyayi kaka so." Kafin la'asar ya lanƙwasa mini su daga tsofaffin ƙarafan babur.

Na ɗaura, na tada janareto, na riƙa ɗaga faifan a hankali yana cin katakon. Katakon ko motsi bai yi ba. Tagogin suka fita yadda nake so.

Wata Juma'a bayan masallaci sai ga surukina a ƙofar shago. Da hannu yake duba kaya, don haka ya shafa jagora, yatsunsa suka faɗa cikin ramin da zarto ya ci. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wanga mi na?" Sai na kwance notin biyu, na ɗage katakon, na koma gefe. Ya bi ƙarfen da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, sau biyu, bai ji ko ƙarzane ba. Ya juya ƙarafan maƙerin a hannunsa, ya tambaye ni katakon na wane ne. Na ce na kantar ɗiyarsa ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka ba da naka aka ci don nau shi tsira. Injin ya zauna, ba aro na ba kuma. Amma ka yi mata kanta."

Na yi mata a satin, kuma har yau takan ce da ba don Baba ba da tana nan tana jira. Ƙugiyoyin rijiyar ma ba su tashi a banza ba, unguwarmu duka a gidana ake aronsu. Tun daga ranar ba na ba da aiki sai na zana a ƙasa. Kuma duk abin da aka ba ni amana, nawa nake sawa a gabansa, in akwai abin da za a ci a fara cin nawa.