Ranar da Gurgun Doki Ya Yi Sukuwa a Filinge

Bana shekara sittin ke nan da rasuwar kakana Bukar, kuma har yau in na ce ni jikarsa ce sai an tambaye ni wane Bukar. Sai na ce Bukar Baƙo sannan a gane. Mutum ya yi fiye da shekara hamsin a Filinge, nan ya yi aure, nan ya haifu, nan aka rufe shi, amma bai ci arzikin a daina ce masa baƙo ba. Abin yana ba ni haushi, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Babarbare ne. Yaƙi ya koro shi daga Barno yana saurayi, ya biyo fatake yamma yana neman inda zai kwana lafiya, sai ya faɗo ƙasar Kurfey, inda Filinge take, daidai lokacin da Nasara suka shigo da bindigoginsu. Hanya ta toshe gaba da baya. Abin da ya iya shi ne jinyar dawaki. Wani soja ya gan shi yana ɗaure wa goɗiya rauni, kashegari ya tsinci kansa a bargar bariki, ba wanda ya tambaye shi ko yana so.

Zaman ba daɗi. A bariki ana masa kallon kunnen gari, a gari ana masa kallon kunnen bariki. Tsagar fuskarsa tana riga shi sallama. In ya zo rijiya hira ta mutu, in ya shiga masallaci a bar masa fili dama da hagu kamar mai ƙazwa. Shi kaɗai yake cin tuwonsa, ya kwana kusa da turke.

To, duk lokacin da za a fita yaƙi, kumandan, Baturen da ke shugabantar bariki, yakan sa a kawo dawakin gari filin bariki, a ƙwace masu lafiya. Kakana ke ɗaga ƙafa ya ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Bakurfe kuwa a wancan zamani, ka raba shi da dokinsa ka raba shi da mutuncinsa. Sai Bukar ya koya wa masu dawaki dabara a wajen yankan ciyawa: a tsinko silin gashin wutsiya, a ɗaure tam sama da kofato, a rufe da gashin ƙafa. Doki zai wuni yana ɗingishi, in an yanke ya warware. Shi kuma Bukar ya ɗaga ƙafar gaban kumandan ya ce gurgu ne. Ya san in asiri ya tonu ba shi da uwa ba shi da uba a garin da za su je roƙo. Sau biyu abin yana tafiya lafiya lau, masu dawaki suna komawa gida da abinsu, ba ko sannu.

A karo na uku aka zo kan akawal ɗin wani barde mai suna Arzika. Kakana ya duba ya ce gurgu. Kumandan ya yi dariya ya faɗi wata magana, tafinta ya juya ta da ƙarfi: wai wannan ai sai dai ɗaukar itace. Surukan Arzika suna cikin taron, marokinsa ma yana nan.

"Mi yac ce?" in ji Arzika. "Dokina na aka ce ma na itace?"

"Yi haƙuri, yallaɓai," in ji kakana ƙasa-ƙasa. "Ja abinka ka tafi gida."

"Wallahi ba ni tahiya da wagga magana."

Ya durƙusa, ya zaro wuƙa, ya yanke silin a gaban kowa. Ya murza ƙafar, ya zaga da dokin sau biyu, ya haye, ya yi sukuwa har ƙarshen fili ya dawo ya ja birki gaban kumandan. Ku duba min wannan wauta, don Allah. Nan take aka bi ƙafafun sauran, aka kwashe dawakin ranar kaf. Kakana aka ɗaure a turke aka zane shi da dorina har ya suma. Da ya farfaɗo aka mai da shi barga, don ba wanda ya san aikin kamarsa. Gari kuma ya yanke hukunci cewa baƙon nan ne ya ja musu.

Watan jiya a wajen wani suna na ji tattaɓa-kunnen Arzika yana ba da labarin, wai kakansu ne wanda ya ƙi sunkuya wa Nasara. Na ce masa, ɗana, wa aka buga ranar? Ya ce, "Wani baran bariki na, Inna, ba ɗan nan ba na." Na tattara zanena na fito, don in na zauna sai na ɓata wa mai jego taro.

Yanzu ga ƙasar ta sake rikicewa, ga baƙi suna mana aiki a asibiti da wajen haƙar rijiyoyi. Mu sha maganinsu, mu sha ruwansu, suna juya baya mu ce wa ya san wanda ya turo su. Ina tambayar kaina me Kaka zai ce in ya gani, sai in tuna shi ba ya cewa komai, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ƙona min rai.

Bai bar gona ba, bai bar kirari ba. Ya bar mu, ya bar jikokin mutanen da suka koma gida da dawakinsu sau biyu. Da ya tsufa ni ke shafa masa man kaɗe a baya, yatsuna suna bin tabon dorinar layi-layi. Ran nan na kasa haƙuri na ce, Kaka, ka yafe wa Arzika kuwa? Sai ya ce, "Amarya, da kin ga sukuwar nan. Ban taɓa ganin doki irinsa ba."

Allah ya jiƙansa. Fushin da ya ƙi yi ni ya bar wa, kuma shekara sittin ban ajiye shi ba.