Shekara ukun da Nomau ya ƙara

Kawuna Nomau manomin gero ne a Cadakori, bai san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma taurin kai gare shi kamar kututturen gawo. Da aka zo kamun yara zuwa lakol, wato makarantar boko, ɓoye ɗansa Hambali ya yi cikin rumbu, sai da mai gari ya zo da kansa ya zaƙulo shi. Ai kuwa yaron ya kama karatu, daga Maraɗi har Yamai. Nomau da ya yi ta tsine wa lakol, shi ne ya koma yana cika wa mutane kunne da ita ranar kasuwa.

Bayan an samu mulkin kai, sunan Hambali ya fito cikin waɗanda za a tura jami'a a Dakar, lokacin ƙasarmu ba ta da tata. Sai aka tsaurara sharaɗi: kowa ya kawo takardar haihuwa daga wurin alƙali, wanda ya haura shekara ashirin da biyu kuma ba ya tafiya. Hambali bai wuce ashirin da ɗaya ba. Ya aiko daga Yamai cewa mahaifinsa ya je ya shaida shekarunsa, amma ɗan saƙon ya manta da zancen iyakar shekarun.

Nomau ya hau jaki yana tunani a hanya. A wurinmu babba ake aika nesa, babba ake damƙa wa amana. Wace hukuma ce za ta tura yaro ƙarami bakin teku? Da akawun alƙali ya tambaye shi, sai ya gyara zama ya ce, "Rubuta ashirin da huɗu. Namiji ne, ya isa aike." Shaidu biyun da ya zo da su suka gyaɗa kai, don su ma gani suke gata ake yi wa yaron.

Aka soke sunan Hambali. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, ban kuma san da wa zan yi fushi ba.

Hambali ya dawo gida, bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ƙarami suka so." Daga baya ya zama malamin lakol a Gangara, can ya tsufa.

Washegarin dawowar Hambali, Nomau ya koma buron alƙali, a ƙasa wannan karon, ya tuɓe takalma tun daga bakin ƙofa. Akawu ya ce abin da aka buga wa hatimi ba ya gyaruwa.

Nomau ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, shekarun nan uku ba nashi ba ne, ni na kawo su. A ɗebe mishi a aza mini, ni ba ni zuwa ko'ina."