Baƙar Rigar da Baba Ya Ɓoye

Babanmu yasar rijiya yake yi. Daga Sheshe har Gwale, duk rijiyar da taɓo ya cinye, shi ake aikowa a kira. Ban taɓa jin kunyar faɗar sana'arsa ba, ko a makaranta da 'ya'yan 'yan kasuwa ke yatsina fuska.

A gidanmu jiƙewa iri-iri ce. Akwai laimar bango da damina, akwai danshin tabarma, waɗannan Inna ba ta ko kallonsu. Wadda take tsoro ita ce wadda Baba ke dawowa da ita: sharkaf, leɓɓa sun yi fari, hannu na rawa har sai ita ta riƙe masa kofin shayi a baki. Wannan jiƙewar ce ta ci masa ƙirji. Da tari ya kwantar da shi, likita ya ce in ya ci gaba da tsayuwa cikin ruwan sanyi, ransa yake wasa da shi. Baba ya ce to, ya dawo gida ya hau gyaran igiyarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba bari zai yi ba.

Lokacin ina sayar da gwanjo. Wata rana na kwance dila, sai ga wata baƙar riga haɗe da wandonta, mai kauri kamar silifas, da zif a baya. Mai sayar min da kaya ya ce ta masu nutso a teku ce, ɗumin jiki take riƙewa. Na kai wa Baba da rawar jiki.

Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya ajiye. "Ni da furfurata zan sa abin da zai fito da surata a tsakar gidan mutane, mata na kallo? Allah ya kiyaye."

Gaskiyarsa, rijiyoyinmu duk a cikin gida suke. Amma taurin kan nan nasa ni na gaje shi. Na ce, "Baba, wa ya ce sai an gan ta? Ka ɗora taguwarka da wandonka a kai mana."

Kwana uku ina naci kafin ya yarda. Inna ce ta ja masa zif ɗin a ɗaka, ya fita rijiyar maƙwabta kamar kullum, muka bi shi. Yana sauka muka ji muryarsa daga ƙasa, a fusace, yana ce min: "An cuce ki, ruwa na shiga."

Ni ma na zaci ruwa ba ya ratsa ta. Na roƙe shi ya fito, ko kula ni bai yi ba. Abokin aikinsa ya ci gaba da jan bokitin taɓo, ni kuwa ina tsaye ina zagin kaina.

Sai wajen azahar ya fito, ruwa na tsiyaya daga taguwar. Na dubi bakinsa, leɓɓan na nan da launinsu. Ya ce a hankali, don kada matan gidan su ji, "Ruwan da ya shiga bai fita ba, jikina ya ɗumama shi."

Ya ƙara shekaru yana yasa, mutanen unguwa na cewa tsohon nan sanyi ba ya kama shi. Ba mu taɓa tona masa ba, ni dai kaina kumbura yake in na ji.

Amma abin da ban mantawa shi ne ranar farkon nan. Inna ta matso da shayi za ta kai masa baki kamar yadda ta saba. Ya miƙa hannu ɗaya ya karɓi kofin, ya sha da kansa, ko ɗigo bai zube ba. Inna ta tsaya da hannu a miƙe, sannan ta ja gefen mayafinta ta goge ido.