Wakilin Rediyo a Kasuwar Ɗanbatta

Ga shi can a bakin kasuwa, wakilin wani gidan rediyo da aka turo daga Kano ya binciko labarin fari. Shaddarsa ta sha guga, takalminsa sai ƙyalli, yana taka ƙasarmu kamar mai tsoron ta shafa masa wani abu. Ina jin bai taɓa kwana da yunwa ba.

Ya kara wa wani dattijo rikoda a baki. "Baba, yaya damina?"

"Alhamdu lillahi, mun gode Allah."

Ya juya ga na kusa da shi, wai tabbatarwa yake. "Malam, haka ne?"

"Sai godiya."

Shi ke nan, shaidu biyu sun cika! Ya kashe rikoda yana murmushi. Wane magidanci ne za a gaishe shi a bainar jama'a ya ce jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba? Da ya sunkuya, da ya ga abin da dattijon ya kasa yana sayarwa: garmarsa ce da fartanya, a tsakiyar damina.

Amma sunkuyawa tana ɓata karin guga. An jima za mu ji a rediyo cewa mun ƙoshi.