Gaɓa ta Biyar

Ko da zan manta komai na makarantarmu ta Ƙofar Marusa, ba zan manta ranar da Malamar Turanci ta mayar da ni gaɓar kalma ba.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin. Bencin ƙarshe nake zama, kuma ko na san amsa kunya ba ta barina in ɗaga hannu. Nawa dai kallo ne. Na san zoben azurfar Malama, na san yadda alli ke ɓata mata bakin hijabi.

Ranar ta rubuta irresponsibility a allo. Duk wadda ta gwada karantawa sai harshenta ya harɗe. Malama ta ce, "Tsawonta ya tsorata ku? Ai haɗe-haɗe ce." Ta rufe kan kalmar da tafin hannu, ta ce shi ke kore ma'ana. Ta rufe wutsiyar, sai ga responsible da muka sani ta leƙo a tsakiya. Daga nan ta datsa ta gaɓa bakwai, ta jera mu bakwai a gaban allo, kowa da tata. Ni aka ba ta biyar, bil.

"Nan nauyin kalmar yake," in ji ta. "Muryarki za ta fi ta kowa. Kuma ba mai fita tara sai kalmar nan ta miƙe."

Huɗun farko suka rangaɗa nasu. Da aka zo kaina, iska kawai ta fito. Aji ya kwashe da dariya. Ta kusa da ni ta zungure ni: "Ke dalla buɗe baki, awara za ta ƙare!" Idona ya cika da ƙwalla, ina jiran tsawa.

Malama ta dube ni, sai ta juya wajen sauran shidan. "Ku mi kuke ma ihu? Ku yi ƙasa." Suka rage. "Ku ƙara." Har suka koma raɗa. Ta ƙwanƙwasa tebur da zobenta, muka sake. Na faɗi tawa da 'yar muryar da nake wa Inna magana a gida, sai na ji kalmar ta hau kaina ta sauka lafiya.

"Kun ji ta? To haka ake hwaɗinta. Ku tahi tara."

Har yau ina jinjina wa matar nan. A wurinta na koyi cewa mai ƙaramar murya ba tsawa take buƙata ba. A sa na kusa da ita su sassauta, za a ji ta.