Malam Dogara, Mai Gyaran Kuloci na Bakin Tasha

Kafin direban farko ya kunna mota a tashar Keffi, Malam Dogara Sale ya riga ya dawo daga masallaci, ya share gindin ɗorawar da yake aiki, ya jera sifanoninsa a kan buhu. Ba ya fara taɓa mota sai ya wanke hannu da sabulu, domin a cewarsa ƙasa ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe robar kuloci. Haka yake tun kafin a ba mu mulkin kai. A bana ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ya miƙa garejin ga waɗanda ya koyar. Na ga bai dace ya tafi gida shiru ba.

Sista Filomina, ungozomar da ta daɗe tana aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Agwada, ita ta ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata rana da damina suka ɗauko wata mata, Rahamatu, wadda naƙuda ta yi wa gardama, za su kawo ta Keffi. Sun wuce Garaku ke nan sai direba Monday ya taka kuloci, abin takawar ya manne a ƙasa ya ƙi dawowa. Inji na kuka, mota ba ta motsi. Ba ranar kasuwa ba ce, hanya babu kowa, sai wani mai keke da ya yarda ya kai wa Malam Dogara saƙo a Keffi.

Malam Dogara ya bar motar da yake gyarawa a buɗe, ya hau babur. Da isarsa ya buɗe ɗan kofin man kuloci, ya tsoma yatsa, ya shinshina.

"Monday, me ka zuba a nan?"

"Oga, man ne ya ragu. Ban samu man birkin da ake zuba masa ba, sai na ƙara man inji. Na ce ai mai mai ne."

"Ba duka ba. Wannan ya kumbura robobin gaba ɗaya."

Sista Filomina ta leƙo daga bayan mota. "Malam, jini take zubarwa. Gyaran zai daɗe?"

"Sista, gyara ba na yanzu ba ne. Ku riƙe ta da kyau."

Ya kwanta cikin taɓo a ƙarƙashin motar, ya sassauta wani ɗan noti, gurɓataccen man ya fita, kuloci ya kama. Ya karɓi sitiyari, ya sa giya, ya tayar da motar a haka. Ya tuƙa ta har Keffi ba tare da taka kuloci ba, yana sauraron kukan inji da kunne kafin ya sauya giya.

Rahamatu ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Monday ya faɗa mini cewa washegari ya je gareji yana jiran zagi, ko a kai ƙararsa a kore shi. Malam Dogara ya ce masa kawai, "Zo ka riƙe mini nan." Tare suka kwance masta, wato famfon kuloci na sama, da na ƙasa, suka wanke bututu, suka sa sabbin robobi, suka fasa sabon gwangwanin man birki. Monday yana takawa, Malam yana fitar da iska, har abin takawar ya riƙa dawowa da kansa. Da suka gama Malam ya dube shi ya ce, "Rai na Allah ne, kada ka ɗora wa kanka abin da ba ka sani ba. Amma yanzu ka sani."

Malam, kai ne ba ka bar wannan rashi ya wuce haka nan ba. Direbobin tasha sun shaida yadda ka riƙa bin su mota mota, kana nuna musu rubutun da ke kan murfin kofin man kuloci, kana cewa a zuba abin da aka ce a zuba. Da arzikin man fetur ya shigo, motoci suka cika gari, masu sayar da mai a buɗaɗɗun kwalabe suka yi yawa, kai ne ka ƙi taɓa shi. Ka ce man birki yana shan danshi idan aka bar shi a buɗe, kuma ba za ka zuba wa mutum abin da ba ka san asalinsa ba. Wasu suka ce ka cika tsauri, suka koma wani gareji. Ba ka bi su da magana ba. Garkuwar matafiya, mai aiki don Allah.

Mun gode, Malam Dogara. Da yawa cikinmu mun isa gida lafiya ba mu ma san hannunka ne ya kai mu ba. Allah ya ba idonka sauƙi, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, idan aka kawo muku mota, ku tuna akwai wanda ke jiran mutanen cikinta a gida.